Akwati Biyu a Ƙarshen Maganar Muktar

In ka shiga layin masu gyaran waya da ke kusa da tashar mota a Gusau ka ce kana neman Muktar mai kwamfuta, sai an tambaye ka wanne, don sun kai uku. Amma in ka ce Muktar Buɗaɗɗe, ko mai shayin bakin layi zai nuna maka shagon da leɓe, ya kuma ja maka kunne kada ka tambayi ra'ayinsa a kan komai in dai kana sauri. A da ke nan. Yanzu in ka ambaci sunan, sai an dube ka sama da ƙasa kafin a amsa maka.

Mutumin Tungar Kanya ne, wani ɗan ƙauye a ƙasar Rawayya wanda gidajensa ba su kai sittin ba. Mahaifinsa manomin gero da dawa ne, ya rasu Muktar yana sakandare a Bungudu, sai ƙanensa Hamidu ya riƙe gona tare da mahaifiyarsu, Inna Saude. Shi kuwa Muktar hannunsa bai taɓa son fartanya ba. Ya shigo Gusau, ya samu wata tsohuwar kwamfuta da wani ofis ya jefar, ya yi wata uku yana fama da ita ta ƙi tashi, har wani malamin makaranta ya ba shi faifai ya ce ya gwada abin da ke ciki. Ta tashi. Tun daga ranar ba a sake jin kunne da shi ba.

Abin da ke cikin faifan shi ake kira buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda masu ita suka bar cikinta a fili, kowa ya leƙa ya ga yadda aka haɗa ta, ya gyara in ya iya, ya kwafa ya ba maƙwabci ba tare da neman izinin kowa ba. Muktar ya ɗauki abin nan kamar ɗariƙa. Ka kawo masa kwamfutarka don madanni ɗaya ya maƙale, ka dawo ka tarar ya kwashe duk abin da ka saba da shi ya zuba maka nasa, yana murmushi yana jiran godiya. In ka yi faɗa ya zaunar da kai ya yi maka wa'azi. Karatunsa ɗaya ne kullum: abin da aka rufe shi ke cutar mutane, abin da ke buɗe kuwa idon jama'a na kansa, ba mai iya ɓoye mugunta a ciki. Daga nan sunan ya samo asali, shi kuma ya karɓe shi hannu biyu har ya sa aka rubuta a allon shagonsa.

Ba mugun mutum ba ne, wannan kowa ya shaida. Ciwonsa ɗaya, ba ya iya ganin magana a intanet ya wuce. A yi zancen rabon taki, yana nan. A yi zancen kansila, ko farashin mai, ko wace waya ta fi riƙe caji, ko dalilin da ya sa ofisoshin gwamnati ke sayen manhajar da za su samu kyauta, Muktar ne na biyu ko na uku a masu sharhi. Yau ya yabi wannan jam'iyya gobe ya kwance mata zani, kuma ba don an ba shi komai ba, don dai bakinsa na ƙaiƙayi. Yana da wata al'ada: duk abin da ya rubuta, mai zafi ko mai sanyi, sai ya liƙa masa 'yan kawunan nan biyu masu dariya har da hawaye a ƙarshe. A ganinsa su ne ke sanyaya magana, su nuna wa kowa raha ake yi.

Matarsa Wasila ba ta taɓa yarda da wannan lissafin nasa ba. Takan ajiye masa tuwo ya huce yana danne-danne, ta ce, "Baban Ummu, mutanen ga da kake ma magana, ka san su?" Shi kuma ya ce ai daɗin abin ke nan, ba sai ka san mutum ba. Sai ta ɗauki 'yarsu Ummulkhairi ta shige ɗaki ta bar shi da mutanensa.

Wata rana ya buɗe wata taswirar duniya irin tasu ta buɗaɗɗu, wadda duk mai so zai iya zana abin da ya sani a kanta. Ya nemi Tungar Kanya ya rasa. Ga Gusau, ga Bungudu, ga Rawayya da ɗan ɗigo, amma inda aka binne cibiyarsa fili ne fari fat, ko bishiya babu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da bai iya bayyana wa Wasila ba. Daga nan duk Juma'ar da ya je gaida Inna sai ya zagaya gari da waya a hannu. Ya sa masallaci, ya sa rijiyoyi biyu, ya sa famfon da ya mutu, ya sa gidan mai gari. Ya bi siririyar hanyar ƙafa da ta bi ta bayan rafi ta ɓulle wajen Kekun Waje, wadda mata ke bi zuwa itace, ya zana ta lanƙwasa bayan lanƙwasa. Niyyarsa, ran da mace ta kwanta naƙuda ko masu rigakafi suka taso, a san akwai mutane a wurin, a kuma san ta inda za a bi.

Da ya gama ya ɗauki hoton aikinsa ya ɗora a shafinsa yana alfahari. Wani abokin sharhinsa, Tajuddeen, wanda ke zaune a Legas kuma bai taɓa taka Zamfara ba, ya tambaye shi wa ke ba shi duk bayanan nan. Muktar yana cin gyaɗa ya amsa da yatsa ɗaya: "Wa zai ba ni? Ai ni ne babban informa na Tungar Kanya, duk wata hanya da ke garin ni na nuna ta." Ya liƙa kawunansa biyu masu dariya, ya ci gaba da cin gyaɗarsa.

A Legas wannan raha ce. A ƙasar nan kuwa kalmar informa ba ta wasa ba ce, don ita ake kiran wanda ke zaune cikin mutane yana kai wa 'yan bindigar daji labarin wa ya sayar da sa, wa ya dawo daga birni, ta ina za a shigo. An san mutanen da aka kira da sunan nan da safe, la'asar ba ta same su ba. Muktar ya san haka sarai, a nan aka haife shi. Amma mutumin da ya saba magana da allo yakan manta cewa masu karantawa suna da gidaje da makamai da 'yan uwan da aka kashe musu. Abin haushin ke nan, wayonsa ne ya yi masa yawa.

Wata biyar maganar na kwance ba wanda ya kula ta. Sai cikin damina, dawa ta yi tsawon da za ta ɓoye mutum a kan babur, 'yan bindiga suka shiga Tungar Kanya da la'asar sakaliya, maza na gona. Ba ta babbar hanya suka zo ba, inda 'yan sa-kai ke tsaro. Ta bayan rafi suka ɓullo. Suka kora shanu, suka tafi da mutum bakwai, suka kashe biyu, ɗaya daga ciki ƙanen Bashir ne, shugaban 'yan sa-kan garin. Muktar ya je ta'aziyya ya yi kuka da kowa. Ya lura wasu sun amsa gaisuwarsa a taƙaice, ya ɗauka zafin rashi ne.

Bayan mako guda gwamnati ta katse sadarwar waya a jihar baki ɗaya, wai don a toshe wa 'yan bindiga kunne. Gusau ta yi tsit. Wayoyi suka koma fitila da agogo. Muktar ya zauna a shago kamar wanda aka cire wa harshe, yana da ra'ayi mai tsawo a kan katsewar, ba inda zai zuba shi.

A rana ta huɗu Arzika direba ya shigo shagon. Abokinsa ne tun suna yara, yana jan mota tsakanin Gusau da Tsafe, matarsa kuma 'yar Tungar Kanya ce. Bai zauna ba, bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Ruhe ƙohwar ga mu yi magana," in ji shi.

Ya fito da wata ƙaramar waya mai madannai, irin ta mutanen ƙauye, ta surukinsa ce. Tun kafin a katse sadarwa wani ya kwafo maganar Muktar ya turo ta a saƙon tes, daga nan ta bi wayoyin gari. Muktar ya karɓa ya karanta kalmominsa, ba a ƙara ko wasali ba, ba a rage ba. Sai dai ƙaramar waya ba ta san kawuna masu dariya ba. A inda suke, wasu 'yan akwatuna biyu ne, fanko, a jere.

"An karanta ma mutane ita gaban masallaci," in ji Arzika. "Wani yat tambayi mi an nan ƙarshe. Anka ce alama ta, wadda kai da mutanen daji kunka sani."

"Dariya ta! Wallahi dariya ta, Arzika. Wayar ce ba ta iya nuna ta."

"Ni na sani. Ni za ka hwaɗa ma? Kuma akwai wanda yan nuna ma Bashir hoton taswirar. Hanyar bayan rahi tana nan, da sunanka."

Muktar ya zauna a kan wata matacciyar kwamfuta. Ba mutuwa ce ta fara zo masa a rai ba. Ƙofar gidansu ce, da Juma'ar da yake zuwa ya zauna a zaure a kawo masa fura daga ciki. Ya ga hanyar gidan tana rufewa a gabansa, shi kuma ba shi da wani gida a duniya da yake kira gida sai wannan.

Dabarar da ta zo masa irin tasa ce: ya nemi sabis ya goge komai. Washegari da hantsi ya shiga gaban motar Arzika suka kama hanyar Tsafe, don an ce in ka wuce garin ka kusanci iyakar Katsina akan samu ɗan sabis a kan tudu. Gonaki na wucewa kore shar ba kowa a ciki, a kowane shinge a leƙo a dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa a baya tana ta jan carbi, in mota ta rage gudu sai ta ƙara sauri.

Sun tarar da mutane sun fi ɗari a kan tudun, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Wannan na ihu yana gaya wa ɗansa a Kano suna nan da rai, waccan na kuka a waya. Muktar ya raɓe gefen wani dutse, sanda ɗaya ta sabis ta fito, ta ɓace, ta dawo. Ya buɗe shafinsa. A ƙarƙashin maganar tasa mutanen nesa sun yi ta musu a kan wace taswira ta fi kyau, ta kamfani ko ta jama'a, Tajuddeen har ya sa masa kawuna masu dariya guda biyar. Ya goge maganar. Ya rubuta dogon bayani, da rantsuwa, karo na farko a rayuwarsa ba dariya a ƙarshe. Sai da ya tura ya tuna cewa duk wanda yake so ya karanta bayanin yana can inda ba sabis.

Ya koma kan taswira ya goge hanyar bayan rafi. Ya san abin da zai gani, amma ya duba. Irin wannan taswira ba ta mantuwa, tana ajiye tarihin duk wanda ya taɓa ta, kuma wannan ne abin da ya fi yaba mata a wa'azinsa. Ga shi a rubuce: Muktar ya zana, ranar kaza. Muktar ya goge, yau. Yana nan tsaye yana kallo, bai fi minti ashirin ba, hanyar ta dawo. Wani mai aikin sa-kai a wata ƙasa mai nisa ya maido ta, har ya bar masa saƙo da Turanci mai ladabi, yana cewa da alama kuskure ne aka goge, ya gyara masa, ya kuma gode da kyakkyawan aikin da yake wa yankinsu.

"Mi kaka gogewa, Muktar?"

Ya juya. Malam Yakubu ne, maƙwabcinsu a Tungar Kanya, wanda matarsa na cikin bakwai ɗin da aka tafi da su. Ya zo tudun ne ya kira 'yan uwa a kan maganarta. Ya rame, idanunsa sun faɗa, kuma idanun suna kan allon wayar, inda rafin garinsu ke kwance da shuɗin layi.

Muktar ya fara bayani. Ya yi maganar tarihi, ya yi maganar mutumin wata ƙasa, ya yi maganar akwatuna, yana jin yadda kowace kalma ke fita tana ƙara nutsar da shi. Malam Yakubu bai katse shi ba. Da ya gama sai ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "To. Allah shi bayyana gaskiya." Ya sauka daga tudun bai waiwayo ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba abin da ya faru, kuma wannan ya fi komai nauyi. Masu kawo gyara suka ragu. Mai shayi ya daina aiko masa da kofinsa na safe sai ya aika. Wasu mutum biyu da bai sani ba suka zauna a bencin da ke kallon shagonsa yini guda, ba su sayi komai ba, washegari ba su dawo ba, ya rasa ko ya yi murna ko ya ƙara tsorata. Ya sauke allon da ke ɗauke da sunansa ya jingina shi a ciki. Wasila ba ta ce masa ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya, ta dai koma rufe ƙofar gida tun kafin magariba, ta hana Ummulkhairi wasa a waje.

Ya aika Arzika da saƙo: ranar Juma'a zai zo, ya tsaya gaban mai gari da liman da Bashir, ya dafa Alƙur'ani. Amsa ta dawo daga Hamidu cewa kada ya iso gari, su haɗu a Bungudu, gidan gwaggonsu, ranar Alhamis da azahar.

Ya je da babbar wayarsa, da hoton maganar yadda take tun asali, kawunan nan biyu suna dariyarsu rawaya shar. Ya yi imani in ido ya gan su magana ta ƙare. Ya yi sallama ya shiga tsakar gida, sai ya ga ba Hamidu kaɗai ba ne. Inna Saude na zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, da mayafinta na unguwa, ita da ba ta fita Tungar Kanya sai rasuwa. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe.

Ya miƙa wa Hamidu wayar. "Ka gani? Ka kai ma Bashir wagga. Shi gani da idonai, ba akwati ba ne."

Hamidu ya duba, ya miƙo masa abarsa. "Yaya, an riga an nuna mai. Wani ɗan makaranta yan nuna mai a babbar waya, shekaranjiya."

"To, mi yac ce?"

Hamidu ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da tsinke. "Ya daɗe shina kallo. Sannan yac ce, ashe har dariya yay yi."

Wata akuya ta zo ta leƙa kwanon da ke gefe, gwaggo ta kore ta ta koma ɗaki ta bar su.

Muktar ɗan fari ne. Tun da ya yi wayo Inna Saude ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban tsakiyar idonsa ba, ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye in akwai wanda za ta aika. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, ta riƙe ta shekara talatin da shida ba fashi. In tana son ya ci abinci sai ta ce wa Hamidu a ce ma wancan ga tuwo. Bai taɓa jin haushi ba, ya san inda ƙaunar take. Don haka ya jira ta gaya wa Hamidu abin da za a gaya masa.

Sai ta juyo ta dube shi, ido cikin ido.

"Muktar," in ji ta.

Sunan ya fito a bakinta baƙo, kamar ta aro shi. Ya ji tsoron da bai ji ba a kan tudu, bai ji ba ran da mutanen nan suka zauna a benci.

"Na san ba ka yi ba. Ni na haihe ka. Amma ka ji abin da zan hwaɗa maka, kuma ban yahe ba in ka saɓa. Kada ka taka Tungar Kanya. Ko Sallah, ko biki, ko ciwo. Ko cewa anka yi na mutu, ka yi man addu'a daga inda kake. Hamidu ya isa shi kai ni makwancina."

Ya buɗe baki zai yi magana, mutumin da bai taɓa rasa abin cewa a kan komai ba. Ta riga ta mai da fuskarta gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce wa Hamidu a ce ma wancan ya tashi ya kama hanya tun rana ba ta yi sanyi ba.